Yadda ake amfani da kalmar irrepressible ba tare da an kwafsa ba

Irrepressible kalma ce da turawa ke faɗa wa abin da ba ya dannuwa, ko ka danne shi sai ya taso. Tushenta repress ne wato danne abu, sai aka manna mata ir a gaba don a kore ma'anar, kamar dai yadda regular ke komawa irregular. Wajen furtawa a kan "pre" ake sa ƙarfi, i-ri-PRE-sa-bul. A rubuce kuma r biyu ne a farko, s biyu, sannan ƙarshenta ible ne ba able ba, 'yan WAEC da JAMB ku kula da nan.

To ina ake sa ta? Galibi a kan mutum ko abin da ke tasowa daga cikinsa. Ka san dariyar nan da ke kama mutum a aji malam na tsaye, ka cije leɓe ka sunkuyar da kai ka toshe baki da hannu amma kafaɗunka sai rawa suke har dai ta kufce maka, to ita ce irrepressible laughter. Haka yarinyar da aka yi wa faɗa yanzun nan, kafin ka juya ta koma tsalle-tsallenta da surutunta, sai ka ce she is irrepressible, kuma yabo ne fa da ɗan zolaya a ciki, ba zagi ba ne.

Shi ya sa ba ko wane gagararre ake kira da ita ba. Yaron da ya kangare ya fi ƙarfin iyayensa nasiha ba ta shigarsa, incorrigible ta fi dacewa da shi. Gobarar da ta gagari 'yan kwana-kwana uncontrollable ce, ƙungiyar ƙwallon da ke lallasa kowa kuma unstoppable. Dabarar da nake ba mutane ita ce ka gwada jimlar da "ba ya dannuwa" a zuciyarka tukuna, in ta zauna daram to sa kalmar.

Don Allah kar ka haɗa ta da irresponsible, wannan ai mara sanin ya kamata kenan, ka duba da kyau kafin ka tura wa oga saƙon yabo.

Tana shiga manyan maganganu ma. A 1858 William Seward, sanatan New York a Amurka, ya yi jawabi a garin Rochester inda ya kira takaddamar da ke tsakanin masu bautar da bayi da masu adawa da bautar irrepressible conflict, wato rikicin da ba yadda za a yi a danne shi, a 1861 kuwa yaƙin basasa ya ɓarke. In ka ci karo da ita a jarida kusa da conflict ko urge, ba raha a wurin.