Darasi na 7: Kowane ƙarfe da zafin da yake narkewa

Toh jama'a, yau maƙera zamu leƙa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zuba tukwane ya ga yadda suke tara gwangwanayen lemo da tsofaffin tukwane a cikin kaskon baƙin ƙarfe, a rufe da gawayi ai ta zuga, can sai kaga komai ya zama ruwa yana ƙyalli amma shi kaskon yana nan daram, ko gezau. Me yasa?

Amsar itace kowane ƙarfe yana da iya zafin da yake jurewa, kuma da digiri ake auna shi. Ƙanƙara tana narkewa a digiri 0, ruwa yana tafasa a 100, ku riƙe wannan ma'aunin. Alminiyom, wanda ake tukwanen dashi, a 660 yake narkewa, baƙin ƙarfe kuwa sai an kai 1538. Kunga tazarar ai. Shiyasa maƙerin baƙi baya narka ƙarfensa, gasa shi yake har yayi jajir yayi laushi, ya kamo da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera ya bishi da masaba, haka ake samun fartanya da lauje. Maƙerin fari shi narkawa yake, domin azurfa 962 ce, zinariya 1064, jan ƙarfe irin na cikin wayar wuta 1085.

Akwai masu saurin sallamawa, kuzar nan da aka san Jos da ita 232, dalma 327. Abin mamaki in aka haɗa su biyun sai su narke tun wajen 183, wannan haɗin ne masu gyaran rediyo ke liƙa waya dashi. Zaiba kuwa, ƙarfen nan da ake sawa cikin ma'aunin zafi na gilashi, kullum a narke muke ganinta saboda bata daskarewa sai sanyi ya kai 39 ƙasa da sifili.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai, don wallahi abin yana damuna. Muna cewa "tukunyar dalma" amma ba dalma bace, alminiyom ne. Dalma ta gaskiya, irin ta cikin batirin mota, guba ce, ita ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma cikin gidaje. Tunda tana narkewa tun kafin alminiyom, in ta faɗa kasko shikenan ta gauraye, ido bazai gane ba, kuma a tukunyar za'a dafa wa yara tuwo. Don Allah mai zubi ya tsince kayansa kafin ya ɗora a wuta, kada batir ya matso kusa. Sannan kasko da kayan zubi su bushe ƙarau, ɗigon ruwa ɗaya in ya haɗu da narkakken ƙarfe fallatsa yake har fuska.

Aikin gida: ku rubuta kuza, dalma, alminiyom, zinariya da baƙin ƙarfe a littafinku, kowanne da lambarsa a gabansa, daga ƙarami zuwa babba. Sai ku faɗi wanne za'a iya narkawa a kaskon jan ƙarfe, wanne ne bazai yiwu ba.