Katin bashi bayan karayar arziki a Amurka: kurakuran da na gaji da gani

Kusan kowace Juma'a, bayan an idar da salla a masallacinmu na Bronx, sai wani ya ja ni gefe ya rage murya: "Yaya, kotu ta sauke min bashi, yanzu wane kati zan karɓa?" In yi bayani har bakina ya bushe, bayan wata shida ya dawo da ɓarnar da na yi masa kashedi a kai. To, ga shi a rubuce.

Ni ma na bi ta nan. Bashin lambar izinin tasi ta New York ne ya kayar da ni, lambar nan da farashinta ya haura dala miliyan 1 a 2014 kafin ya rufto. Na bi Babi na 7 na dokar karayar arziki, inda kotu ke sauke wa mutum bashi, wanda tabonsa ke zama shekara 10 a rahoton bashin mutum. Na Babi na 13, inda ake tsara wa mutum biya a hankali, shekara 7 ne. Amma makinka, wato lambar da masu ba da bashi ke auna amanarka da ita, ba ya jiran tabon ya goge kafin ya fara tashi. Abin da yake jira shi ne sabon tarihi mai tsabta, kuma aikin katin ke nan: ya yi maka shaida kowane wata cewa kana biya.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne makara. Na karɓi katin jingina, irin wanda kai ne za ka ajiye kuɗinka, su ba ka iyaka daidai da abin da ka ajiye. Dala 300 na ajiye. Wata 14 ina biya ba fashi, makina yana ta hawa a hankali. Sai aka bugo daga Kumasi cewa mahaifiyata ta rasu. Na bar komai na tafi, na yi sati bakwai a gida. A kan katin akwai dala 41 na kuɗin waya, wallahi ko sau ɗaya bai faɗo min a rai ba. Da na dawo na buɗe akwatin wasiƙu, ga ambulan biyu daga bankin, ta biyun tana sanar da ni na wuce kwana 30. Makarar kwana biyu ko sati ɗaya, tara kawai za a ci ka. Idan ta kai kwana 30 sai a kai sunanka wajen masu ajiye rahoto, ta zauna shekara 7. Tarihin biya shi ne kashi 35 cikin 100 na makin FICO, wanda masu ba da bashi ke dubawa. Wahalar wata 14 ta zube a kan dala 41! Na buga waya, na roƙa, na aika takardar rasuwa, ba su cire ba. Tun daga ranar na haɗa katin da asusuna, banki ya riƙa cire cikakken abin da ake bina da kansa. Kuma ba na hawa jirgi zuwa gida sai na bar kuɗin wata uku a asusun. Mu mutanen tafiya ne, rasuwa da biki ba sa sallama, kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka.

Na biyu kuwa, ban san wa ya shuka shi a cikinmu ba. Wai sai ka bar ɗan bashi a kan kati kana biyan kuɗin ruwa, sannan maki zai hau. Ƙarya ce! Haba ɗan'uwa, ka fito daga ramin bashi, wani a wajen shan shayi ya ce ka koma, ka ce to? Idan ka biya duka kafin wa'adi, ba a ɗora maka ko sisin ruwa a kan sayayya, kuma shaidar biyan tana shiga rahoto daidai. Ga wanda yake tsoron riba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Abin da ake dubawa shi ne nawa ne a kan katin ranar da banki ya rufe lissafin wata. Iyakarka 300, ka zuba man mota na 270, an rubuta ka cinye kashi 90, ko da ka biya washegari. Nauyin bashi kuma kashi 30 ne na makin. Mutane na cewa kada a wuce kashi 30 na iyaka; ni ban yarda in wuce 10 ba. Kuɗin waya kaɗai nake sa wa katin, yana kwance a aljihun tebur, ba ya bina kasuwa.

Wasiƙun tayi za su cika maka akwati da zarar kotu ta sallame ka. Ba ƙauna ba ce: kamfanonin kati sun san ba za a sake sauke maka bashi a Babi na 7 ba sai bayan shekara 8. Dokar 2009 ta bar su su caji har kashi 25 na iyakar kati a shekarar farko, wato dala 75 a kan katin 300 tun ba ka sayi komai ba. Nemi katin jingina mara kuɗin shekara, wanda yake kai rahoto ga masu ajiye rahoton nan uku, Equifax da Experian da TransUnion, duka.

Sauran a taƙaice. Kada ka nemi kati biyar a wata ɗaya, kowace nema tana barin sawu na shekara 2. Kada ka ciri tsabar kuɗi da katin bashi, ruwansa yana fara gudu nan take. Kada ka tsaya wa kowa a bashi yanzu, ko ɗan ɗakinku ne. Idan kana cikin Babi na 13, nemi izinin kotu kafin ka ci sabon bashi. Masu cewa ka biya su su wanke maka rahoto, doka ta hana su karɓar kuɗi kafin aiki, kuma ba mai iya goge abin da yake gaskiya. Wanda kuma ya rantse shi da kati har abada, na fahimce shi, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu; amma ranar neman hayar gida zai tarar da rahotonsa ba komai sai tabon kotu.

Ka ciro rahotanninka uku kyauta a AnnualCreditReport.com, ka bi su layi-layi. Duk bashin da kotu ta sauke dole ya nuna sifili. A nawa na tarar da wani tsohon kati yana nuna ana bina dala 2,100. Na aika musu kwafin takardar sallamar kotu ta wasiƙa mai rajista, cikin kwana 30 da doka ta ba su suka gyara.