Yadda Ake Fesa Kiliya a Kan Ƙaramin Jirgi Ba Tare da Ta Yi Fari Ko Kaushi Ba

Mai haɗa ƙananan jiragen roba yakan jure manne da guga da fenti har tsawon wata guda, sai a ƙarshe kiliya ta lalata masa aikin cikin minti biyu. Kiliya ita ce fentin nan marar launi da ake rufe aiki da shi, akwai mai sheƙi, akwai marar sheƙi. Batun goge ƙura da maiƙon yatsa ba zan tsaya a kansa ba, duk wanda ya kai wannan mataki ya san shi.

Da farko ka san abin da ke ƙasa. Kiliya irin su Mr. Super Clear da GX100 suna da zafi, tinarsu, wato ruwan da ke tsinka su, tana cin fentin da ba ta dace da shi ba. Idan ka kwarara su a kan fentin inamel, za ka ga fatar jirgin ta yamutse ko ta tsattsage. Ko a kan fentin akirilik ma, sai ka fara da ɗan yayyafi sau biyu ya bushe tukuna. Inamel kuwa ni ba na taɓa shi sai ya yi mako guda. Ka kai hancinka kusa da fiffiken, in har yana warin fenti, bai gama bushewa ba, ko da yatsanka ya ce ya bushe.

Sai haɗi. Ni kiliya mai sheƙi ta Tamiya X-22 nake amfani da ita, rabi da rabi da Mr. Color Leveling Thinner, kuma ban ga dalilin da zai sa mai koyo ya fara da wani abu daban ba. Wannan tinar tana da sinadarin da ke jinkirta bushewa, shi ke ba kiliyar damar kwanciya ta yi sumul. Ta fi tinar gama-gari tsada, amma sake sayen jirgi da sitikarsa ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. Haɗin ya zama kamar madara wajen ruwa-ruwa. Ka gwada a bayan cokalin roba da ka riga ka yi wa fenti iri ɗaya da na jirgin. Kuma ka kula da kwalbar X-21: ba kiliya ba ce, abin haɗi ne da ke kashe sheƙi. Wanda ya fesa ta ita kaɗai, jirginsa zai koma fari fat. Marar sheƙin da ake fesawa kai tsaye ita ce XF-86.

Yanzu ga inda kowa yake faɗawa: iska da nisa.

Mai koyo tsoron zubewa yake ji, sai ya ja hannunsa baya, ya ƙara iska, yana fesawa daga nesa kamar mai korar sauro. Abin da ke faruwa shi ne ɗigon kiliyar yana bushewa a cikin iska kafin ya isa jikin jirgin, sai ya sauka a matsayin gari. Haka na yi wa wani jirgi samfurin Spitfire mai ma'aunin 1/48 da na daɗe ina lallaɓawa. Na ɗaga iska ta wuce PSI 30 (PSI ma'aunin ƙarfin iska ne), na riƙe bindigar feshin nesa da taƙi guda, na bi shi da marar sheƙi. Da ya bushe na shafa fiffiken, sai na ji shi kamar sanfefa. Koren da ke bayansa ya yi toka-toka, kuma inda fiffike ya haɗu da gangar jiki nan ne abin ya fi muni, ya yi fari kamar an barbaɗa alli. Dalili kuwa a wannan kusurwa iska takan yi juyi, ɗigon ya daɗe yana yawo kafin ya sauka.

Abin da ya kamata shi ne iska tsakanin PSI 15 zuwa 20, nisa kamar santimita 10, bakin bindiga na milimita 0.3 zuwa 0.5. Ka sa fitila a gefe, ba a sama ba, yadda za ka riƙa ganin jiƙewar a daidai inda kake fesawa. Dole wurin ya yi ƙyalli na jiƙa na ɗan lokaci bayan hannunka ya wuce. In bai yi ba, bushe-bushe kake fesawa. Ka fara danna iska a wajen jirgin, ka wuce ta kansa, ka saki a ɗaya gefen, kowane layi ya hau rabin na baya. Kusurwar fiffike kuma ita ake fara yi wa: ka rage iska, ka matso kusa, ka bi tsawonta, kada ka fesa cikinta kai tsaye.

Akwai wani farin kuma da ba na nisa ba ne. Wannan ba shi da kaushi, sumul yake amma ya yi hazo-hazo. Danshi ne. Tina tana tashi da sauri, sai ta sanyaya fatar jirgin, ruwan da ke cikin iska ya kwanta a kai, kiliyar ta rufe shi. Ranar da ake ruwa ko ɗakin ya yi lema, ka ajiye bindigar kawai. Ka duba matattarar ruwa ta kwamfiresa ma, ka zubar da abin da ta tara kafin ka fara. Abu na uku da ke kawo fari kuma shi ne rashin motsa kiliya marar sheƙi: garin da ke kashe sheƙi yana kwanciya a ƙasan kwalba, in ka zo ƙarshen kwalbar da ba a taɓa motsa ta da kyau ba, garin zalla kake fesawa. Girgizawa ba ta isa, sai ka sa tsinke.

Kafin ka yanke shawarar kankare fentin, tsaya. Yawancin farin nan yana gyaruwa. Spitfire ɗin nan da siririn shafi guda na mai sheƙi na ceto shi, launin ya dawo ina kallo. Idan kiliyar taka irin wadda Leveling Thinner ke narkarwa ce, kana iya yayyafa tinar ita kaɗai, kaɗan-kaɗan, ta narkar da saman ya sake kwanciya. Ka yi hattara dai, in ta yi yawa za ta kai ga fentin ƙasa da sitika. Kaushi kuwa a fara goge shi da sanfefa mai lamba 3000 da ruwa, a hankali, musamman a bakin fiffike inda fenti ya fi siranta.

Sauran matsalolin ba su da wuyar ganewa. Fata kamar bayan lemo, haɗin ya yi kauri, ƙara tina. In ta zubo, kada ka sa yatsa ko tsumma, ka bar ta kwana biyu ta ƙame sannan ka goge tudun. Ƙananan ramuka kamar idon kifi, maiƙo ne a jikin jirgin ko a cikin iskar. Sitika a kan mai sheƙi ake manna ta, in ba haka ba iska za ta maƙale a ƙarƙashinta ta yi azurfa-azurfa, sannan a sake rufe ta da mai sheƙi kafin marar sheƙi. Mai amfani da gwangwanin feshi ya tsaya a santimita 20 zuwa 30, ya ɗan ɗumama gwangwanin a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Ka buɗe taga, ka sa takunkumi mai tace tururin sinadari, na takarda ba ya tare shi.

Gilashin matuƙi ya zauna a rufe da tef har sai shafin ƙarshe ya bushe, domin marar sheƙi tana dushe shi. In za ka cire tef ɗin, ka fara bin gefensa da sabuwar reza a hankali, don kada ya ɗago kiliyar da ke jikin firam ɗin.