Yadda za ka bi kogin Karun a taswira ka gane rikicin ruwan Iran

In ka ji ana zanga-zangar ruwa a Iran kar ka yi saurin cewa ai fari ne kawai. Buɗe Google Earth, a kwamfuta ya fi daɗi, ka nemo Ahwaz, babban birnin lardin Khuzestan. Nan Larabawan Iran suka fi yawa, nan kuma mafi yawan man fetur ɗin ƙasar yake. Da can Arabistan ake ce wa yankin, sai Reza Shah, wanda ya zama sarkin Iran, ya kawar da sarkinsu Shehu Khazal a 1925, har garin Muhammara ma ya koma Khorramshahr. Riƙe wannan, don tun lokacin daga Tehran ake yanke komai.

To yanzu ɗora yatsa kan kogin da ya ratsa garin, Karun kenan, ka bi shi sama wajen duwatsun Zagros. Za ka ci karo da dam ɗin Gotvand, wanda aka gina kusa da wani ƙaton dutsen gishiri duk da masana sun yi ta jan kunne, ruwan ya taru ya narkar da gishirin, manoman da ke ƙasa kuma su sha da shi, su yi ban ruwa da shi, dabinonsu na ta bushewa. Ci gaba har Kuhrang, can wajen mafarin kogin. A nan aka huda dutse tun shekarun 1950 aka karkatar da ruwa zuwa Zayandeh Rud, kogin Isfahan, tsakiyar ƙasar Farisawa inda manyan masana'antun ƙarfe suke. Ƙarfe a wuri mai ƙarancin ruwa fa, ka ji aiki!

Sai ka dawo ƙasa wajen iyakar Iraƙi ka duba fadamar Hur al-Azim, danna wurin tsofaffin hotuna ka ja shekaru baya. Ga hanyoyi da filayen haƙar mai sun yanyanka ta. Inda ya bushe, daga can ƙura ke tashi ta rufe Ahwaz. A Yulin 2021 da mutane suka fito titi, ɓaunayensu na kwance cikin taɓo, da Larabci suke ihun "ana atshan", wato ƙishirwa nake ji.

Gaskiya manoman Isfahan ma sun yi tasu zanga-zangar a Nuwamban shekarar, su ma koginsu ya ƙafe, don haka kar ka ce ƙabilanci ne zalla. Amma ni dai abin da nake dubawa shi ne ina ruwan ya nufa, kuma wa aka tambaya kafin a juya shi. In kana da sauran data, gwada hakan a tafkin Urmiya, yankin Azeri da Kurdawa, ka kwatanta hoton 1990 da na bara.