Darasi na 7: Gawayi da Gubar Cikin Ruwa

Uwargida ta tafasa ruwa, ta tace da farin ƙyalle, ta zuba a randa. Ta kyauta, ƙwayoyin cuta sun mutu. Amma in akwai dalma, wani ƙarfe mai guba, a ruwan, tana nan daram. Tafasawar ma ƙara mata ƙarfi take yi, don ruwa yana tashi a tururi, ita kuwa ta zauna a tukunya.

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Ƙurar dutsen, mai ɗauke da dalma, ta shiga ƙasa, ta shiga kududdufai. A Kano kuma, ruwan da kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa suke zubarwa yana ɗauke da rini da wani ƙarfe, kuromiyom. Shi rini ido yana ganinsa, dalma kuwa ba launi, ba wari.

Yaya ake raba su da ruwa? Kun san yadda ƙarangiya take maƙale wa zani. Haka guba take manne wa gawayi. Masana suna ƙona ɓawon gyaɗa, totuwar masara ko ƙaiƙayin shinkafa, su gasa gawayin da tururi mai tsananin zafi har ƙananan ramuka su buɗe a jikinsa. Giram 1 na irin wannan gawayi, da za a shimfiɗa ramukansa, faɗinsu zai wuce murabba'in mita 500.

Gawayi gwani ne wajen kama rini, amma a kan ƙarfe yakan gaza. Shi ya sa ake haɗa shi da yumɓu, ko da wani baƙin garin ƙarfe da maganaɗisu yake ja. Mai garin ƙarfen, in ya gama aiki, sai a janye shi daga ruwan da maganaɗisu. Ramukan sukan cika. Gawayin da ya cika, shi ma guba ne, ba a zubar da shi a gona ko kusa da rijiya.

Gawayin murhu bai kai wannan ba, kada ku dogara da shi. Rijiyar da kuke shakka, a kai ruwanta ɗakin gwaji.

Aikin gida: ku sirka zoɓo marar sukari da ruwa, ku raba kofi 2. Ku daka gawayi lukui, ku zuba cokali 3 a kofi ɗaya, ku dama. Bayan awa 1 ku tace da ƙyalle mai ninki huɗu, ku bari ya kwanta. Kada a sha. Ku zo da kofunan aji, mu kwatanta launinsu.