Tait ba ya ɗinke tsoka: kurakuran 'yan ƙwallo kan ciwon matsematsi

Duk mai zuwa kallon atisaye a filayen unguwannin Kano ya saba ganin haka: yaro ya ware ƙafa zai tare ƙwallo, sai ya dafe cikin cinyarsa ya durƙushe. Kwana biyu sai ga shi ya dawo da tait, wato matsattsen wandon roba, a ƙarƙashin gajeren wando, wai ya warke.

Babban kuskuren ke nan, kuma shi ya fi ci mini rai. Abin da aka fi ji wa ciwo a wurin shi ne tsokar cikin cinya, wadda ta kama ƙashin mara, mai janyo ƙafa ciki. Tait yana tallafe wurin, ya ɗumama shi, ya rage girgizar tsoka, sai zafin ya lafa. Amma yagewar tana nan daram. Yaro ya ji sauƙi ya koma gudu da yankan baya, ciwon makonni ya zama na watanni. Kafin ka koma fili, kwanta rigingine, sa ƙwallo tsakanin gwiwoyinka ka matse. In ka ji suka, da saura. Je ka ga likitan gashi, akwai su a Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano.

Wasu kuma sun ɗauka wandon ya ɗauke musu wahalar ƙarfafa tsokar. Akwai motsa jikin da ake kira Kofanhegan: ka kwanta ta gefe ka dogara da gwiwar hannu, abokinka ya riƙe ƙafarka ta sama, ka ɗaga ƙugu, ka ɗago ta ƙasa ta taɓo ta saman. Binciken da aka yi kan 'yan ƙwallon Norway, aka buga a 2019, ya nuna ya rage matsalar matsematsi da kashi 41 cikin 100. Ko sisi ba ka kashe ba. Sai dai ba a fara shi ciwo na ɗanye.

Sai batun awo. Ba laifi ba ne sayen gwanjo a Ƙofar Wambai, amma ja robar ka gani. In ta saki, wando ne kawai. Masu haɗa biyu don ya ƙara matsewa ma su daina. Ƙafa ta riƙa mutuwa ko shatin roba ya kwanta a fata, ya yi kaɗan. Sa tela ya auna maka ƙugu da cinya tukuna.

Kada ka yini da shi, balle kwana. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga gumi, ƙaiƙayin matsematsi kawai kake gayyata. An tashi wasa, cire, wanke, shanya. Ba a aronsa.

Wanda ya fi haɗari shi ne danne kumburi da tait. Kullutun da ke ɓullowa a mara in ka yi tari ko nishi, ya koma in ka kwanta, alamar ƙaba ce, kuma tiyata ce maganinta. In ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, ko maraina suka ɗau azabar ciwo farat ɗaya, kada kunya ta sa a jira gari ya waye. Murɗewar maraina, in aka wuce kamar awa 6 ba a yi aiki ba, ana iya rasa ƙwayar. Koci, ka sa yaron a mota zuwa sashen gaggawa a lokacin.