Darasi na Bakwai: Zaɓen Tayar Akori-kura a Ƙasar Zafi

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Makka da Jidda da Madina da akori-kura suke neman abinci, wato motar da mutanen ƙasar nan ke kira wanit. Wani yana ɗauko kayan miya daga kasuwar sari tun kafin gari ya waye, wani yana kai siminti da bulo wurin gini, wani kuma yana kwashe kayan ɗakin masu tashi daga wata unguwa zuwa wata. Ko Hilux ce, ko Isuzu, ko tsohuwar Datsun, nauyin motar da na lodinta duka a kan tayoyi huɗu yake, kuma abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. A wannan darasi mai karatu zai koyi karanta rubutun da ke gefen taya da kansa, domin a nan ne masu ƙera ta suka bayyana nauyin da za ta ɗauka, da gudun da za ta jure, da lokacin da aka yi ta.

Wace iri ce ta dace?

Tayoyin akori-kura sun kasu uku bisa zanen da ke samansu. Akwai tayar kwalta, mai ƙananan haƙora a jere da dogayen kwarmi masu zagaye ta, wadda sau da yawa ake rubuta wa HT. Akwai mai matsakaitan haƙora da ke bin kwalta da burji, ita ce AT. Akwai kuma mai manyan haƙora warwatse da aka yi domin laka, wato MT. Matasa sun fi son ta biyu da ta uku saboda kwarjinin da suke ba mota, amma wanda yawancin zirga-zirgarsa tsakanin Makka da Jidda ce ba shi da wata riba a cikinsu: sun fi ƙara, sun fi shan mai, kuma ta laka ba ta kama jiƙaƙƙen titi kamar yadda tayar kwalta ke kamawa. Sai dai in aikin mutum na kai shi gonaki ko garken raƙuma a bayan gari, a nan ne AT ke biyan kuɗinta.

Mafi yawan tayoyin kwalta ana tallarsu da sunan tayoyin kowane yanayi, kuma a jikin da yawansu za a ga alamar M+S, mai nufin laka da dusar ƙanƙara. An tsara wannan siffa ne domin ƙasashen sanyi irin su Amurka, inda direba ba ya son canza taya duk lokacin da hunturu ya shigo. Mu a nan, in ban da duwatsun yankin Tabuk a wasu shekaru, ba mu da dusar ƙanƙarar da za mu damu da ita. Abin da ke jarraba taya a wajenmu shi ne zafin bazara, sai kuma ruwan sama da ke zuwa jefi-jefi amma da ƙarfi, kamar yadda mutanen Jidda suka gani a ambaliyar 2009 da ta 2011. Ruwan farko bayan dogon rani ya fi kowane santsi, domin yana kwaɓa ƙura da man da motoci suka ɗiɗɗiga a titi wata da watanni. Saboda haka alamar M+S ba laifi ba ce, amma ba ita ce za ta sa a sayi taya ko a bar ta ba. Takardar da ta fi amfani ita ce mai launuka da hukumar kula da ingancin kaya ta Saudiyya, SASO, ta wajabta a manna wa sabuwar taya, wadda ke nuna matsayinta wajen tattalin mai da kuma kama jiƙaƙƙen titi.

Lambobin girma

Kafin a je shago, a buɗe ƙofar direba a duba ginshiƙin da ƙofar ke rufewa a kansa. A yawancin motoci akwai 'yar takarda manne a wurin, ɗauke da girman tayar da masu ƙera motar suka tsara da yawan iskar da za a sa mata. Wannan takarda ita ce ma'auni, ba abin da wani abokin sana'a ya sa wa tasa motar ba.

A ɗauki wannan rubutu a matsayin misali: 265/65R17. Lambar farko, 265, faɗin taya ce a milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsayin gefen taya kashi 65 ne cikin ɗari na faɗinta, wato kimanin milimita 172. Harafin R yana nuna irin saƙar zaren da ke cikinta, kuma kusan duk tayoyin yau haka suke. Lambar ƙarshe, 17, girman wili ne a inci, kuma ita ba ta karɓar sassauci ko kaɗan, domin tayar inci 17 ba ta zama a wilin inci 16. Akori-kura mai kai ɗaya ta aikin lodi ta fi zuwa da rubutu gajere, kamar 195R15C ko 205R16C. Harafin C na ƙarshe yana nufin an yi ta ne domin motar haya da kaya, kamar yadda LT ke nufi in ya zo a farkon rubutun. Irin wannan taya gefenta ya fi kauri, tana kuma karɓar iska fiye da tayar ƙaramar mota.

Nauyi da gudu

Nan ne ya kamata mai karatu ya fi natsuwa, domin nan ne aka fi yin kuskure. Bayan lambobin girma akwai wata lamba da harafi, misali 112S, ko 106/104R. Lambar ba kilo ba ce kai tsaye, alama ce da ake dubawa a jadawali. Alamar 100 tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 800, alamar 104 kilo 900, alamar 106 kilo 950, alamar 108 kilo 1,000, alamar 110 kilo 1,060, alamar 112 kuwa kilo 1,120. In lambobin biyu ne da sanda a tsakani, ta farko ce ta shafi akori-kura mai taya ɗaya a kowane gefe. Ta biyu ta masu goyon taya biyu-biyu a baya ce.

Mu yi lissafi. Tayoyin baya biyu masu alamar 106 za su ɗauki kilo 1,900 a haɗe, in an cika su da iskar da ta kamata. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu ashirin ya zama kilo 1,000 ke nan. Kada mai karatu ya yi saurin cewa akwai sauran kilo 900 a ajiye, domin tayoyin nan tun kafin a ɗora buhu ko ɗaya suna ɗauke da rabonsu na nauyin motar kanta, da bodi, da safaya, da tankin mai, kuma kusan duk lodin a kansu yake sauka, ba a kan na gaba ba. Ita ma motar tana da nata iyakar da aka rubuta a littafinta, wadda taya mai ƙarfi ba ta ƙara mata komai. Ƙa'idar dai ita ce kada a sayi taya mai alamar nauyi ƙasa da wadda ke rubuce a ginshiƙin ƙofa. Wanda ya sa wa akori-kura tayar ƙaramar mota, mai harafin P a farko, saboda ta fi araha da laushin tafiya, ya sani cewa a kan motar kaya ana rage kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin da aka rubuta mata. Araha ba ta ado, musamman a hawan Hada zuwa Ɗa'ifa da cikakken lodi.

Harafin da ke bin lambar na gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210. Ba izini ba ne na a yi wannan gudu, iyakar abin da tayar ta jure ne a gwaji tana lafiyayya da isasshiyar iska. A nan ma ba a sauka ƙasa da abin da masu ƙera motar suka rubuta.

Shekarun taya

Roba tana tsufa ko ba a yi tafiya da ita ba, kuma zafi da hasken rana suna gaggauta tsufanta. Ana iya samun taya da haƙoranta cur, ba ta taɓa hawa wili ba, amma ta bushe a sito. Hanyar ganewa ita ce a nemi haruffan DOT kusa da bakin wili, a bi jerin haruffa da lambobin da ke biye da su har ƙarshe, inda za a tarar da lambobi huɗu, galibi cikin wani ɗan zobe mai tsawo. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tun daga shekarar 2000 ake rubuta su haka. Sau da yawa gefe ɗaya ne kawai ke ɗauke da cikakkiyar lambar, don haka in ba a gani ba sai a juya tayar.

Ga yadda abin kan kasance a bakin shagon banshar, inda ake faci da sayar da taya. Dattijon direba da idonsa ya fara rauni ya sa an mirgino tayar waje inda haske yake, ya ce da ɗan ƙanensa: “Kai yaro, goge ƙurar nan da tsumma ka karanto mini lambobin cikin zoben.” Yaron ya durƙusa, ya bi su da yatsa, ya ce: “Baba, biyu, huɗu, biyu, uku ne.” Dattijon ya ce: “To, mako na 24 ke nan a shekarar 2023, wajen watan Yuni. Duba mini sauran ukun, kada a haɗa mana da tsohuwa.” Duba kowace ɗaya daban shi ne daidai, domin tayoyi huɗu masu suna ɗaya da girma ɗaya suna iya bambanta da shekara guda ko fiye.

Dokar ƙasar nan ta hana sayar da tayar ƙaramar mota da ta wuce shekara biyu da ƙerawa, ta kuma hana cinikin tayoyin gwanjo. Wannan hani yana da hujja, domin wanda ya sayi gwanjo bai san sau nawa aka yi tafiya da ita babu iska ba, kuma ɓarnar da hakan ke yi a ciki take, ba a waje ba. Manyan kamfanonin taya suna ba da shawarar a riƙa kai taya ga masani duk shekara bayan ta cika biyar, a kuma cire ta in ta kai goma ko da haƙoranta na nan. A ganina, direban da motarsa ke yini a rana a Makka bai kamata ya jira goman ba; da zarar ya ga ƙananan tsaga-tsaga a gefe ko a gindin kwarmi, lokaci ya yi. Safaya ma a tuna da ita, don ita ce ke rataye a ƙarƙashin bodi shekara da shekaru babu mai kallonta.

Zafi da iska

A jikin tayoyi da yawa akwai kalmar TEMPERATURE da harafi ɗaya a gabanta, A ko B ko C. Harafin A ne ya fi jure zafi, shi ya kamata a fara nema. Tayoyin lodi, masu C a ƙarshen rubutun girma ko LT a farkonsa, ba lallai ne su zo da wannan alama ba, rashinta a jikinsu kuwa ba aibu ba ne.

Akwai wata magana da ta yaɗu tsakanin direbobi, cewa in bazara ta yi a rage iska don kada taya ta fashe. Wannan kuskure ne mai haɗari. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, wannan motsi shi ke haifar da zafi a cikinta, har roba ta rabu da wayar ƙarfen da ke riƙe da ita. Idan aka haɗa ƙarancin iska da lodi mai nauyi, da gudu, da kwaltar azahar a hanyar Hijira tsakanin Makka da Madina, tafiyar da ta haura kilomita 400, an haɗa duk abin da fashewar taya ke bukata. Gutsattsarin baƙar roba da ake gani a gefen manyan hanyoyi da yawansu haka suka samo asali.

Ana auna iska ne taya tana sanyi, wato bayan mota ta huta kamar awa uku, kuma babu lokacin da ya fi bayan sallar asuba. In aka auna bayan doguwar tafiya za a ga geji ya hau, wannan kuwa ɗabi'ar iska ce in ta ji zafi, ba a sace ta a lokacin. Lambar da ke gefen taya kusa da kalmar MAX iyaka ce, ba ita ce iskar yau da kullum ba. Ta kullum tana ginshiƙin ƙofa, inda sau da yawa ake rubuta adadi biyu ga tayoyin baya, na mota babu kaya da na cikakken lodi. Wanda ya rage iska domin ya ratsa rairayi ya mayar da ita kafin ya ci gaba da gudu a kwalta.

Bayan an saya

A sa sababbin bawul, a yi balansin, a duba alaimin in tsofaffin tayoyin sun ci gefe ɗaya. Tayoyin da ke kan gatari ɗaya su zama iri ɗaya da girma ɗaya. A riƙa sauya musu wuri duk bayan kimanin kilomita 10,000 domin su ci daidai. A cikin kwarmin taya akwai 'yan tudu ƙanana masu tsayin milimita 1.6; ranar da haƙora suka yi daidai da su tayar ta ƙare, kuma masu binciken mota na shekara-shekara, wato fahas, suna duba wannan. A karɓi rasit a adana, domin da shi ake neman garanti.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya je wurin wata akori-kura, tasa ko ta maƙwabci bayan ya nemi izini, da littafinsa da fensir. Ya kwafi rubutun girma na taya ɗaya ta baya, da alamar nauyi da harafin gudu, da lambobi huɗu na cikin zobe. Sannan ya rubuta a cikakkun jimloli kilo nawa tayoyin baya biyu za su ɗauka a haɗe, da shekarun tayar a yau, da kuma ko abin da ya kwafa ya dace da takardar ginshiƙin ƙofa. A zo da amsoshin aji na gaba, za a karanta su a allo ɗaya bayan ɗaya.